Rabon talaka a Attaura: kyauta ce ko haƙƙinsa ne?

Malam Sabo: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na leƙa ƙauyenmu, na tarar an gama cirar gyaɗa, mata da yara sun bazu a gonaki suna kala. A wata gona sai ga mai ita ya fito da sanda yana korarsu, wai ba su nemi izininsa ba. Tun a mota nake juya abin a raina, domin ya tuno mini da wata doka ta Yahudawa da na taɓa karantawa. A Littafin Firistoci, sura 19, an ce wa manomi idan ya zo girbi kada ya girbe gefen gonarsa kakaf, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, ya bar wa matalauci da baƙo. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an ƙara da cewa in ka manta dami a gona kada ka koma ɗaukarsa, ya zama na baƙo da maraya da gwauruwa. Haka zaitun, haka inabi. Abin da ya tsaya mini shi ne ba a ce "ka ba shi" ba, an ce "ka bar masa". Wato tun asali gefen gonar nan ba naka ba ne. Masana a gidan nan, ku ƙara mana haske.

Alhaji Tanimu: Wa alaikumus salam Malam. Yahudawan da duk duniya ta sani da cin riba, su ne yau za su koya mana tausayin talaka? Ikon Allah.

Yakubu Zonkwa: Alhaji, a yi haƙuri a fara jin abin da ke rubuce tukuna. Mu da muke karanta waɗannan littattafai a coci mun san labarin Rut. Baƙuwa ce 'yar ƙasar Mowab, mijinta ya rasu, ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami ba su da ko ƙwayar hatsi. Ba bara ta yi ba. Ta shiga gonar Bo'aza ta yi kalar sha'ir tun safe har yamma, ta sussuke, ta kai gida. Bo'aza ma sai ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami da gangan suna yar mata, kada kuma wanda ya tsawata mata. Wannan baiwar Allah ita ce ta haifi Obed, kakan Dawuda.

Ustaz Nura: Alhaji, Allah ya ƙara girma, Alƙur'ani da kansa ya kawo ɓangarorin biyu. A Baƙara aya ta 83 Allah ya ce ya riƙi alkawari daga Bani Isra'ila su kyautata wa iyaye da dangi da marayu da miskinai, su tsai da salla su ba da zakka. A Nisa'i aya ta 161 kuma ya zarge su da karɓar riba alhali an hana su. Ka ga zargin ma shaida ne cewa hanin yana cikin shari'arsu. Sannan ga wani abu na lugga. Kalmar da suke amfani da ita ita ce tsedaka, kuma tushenta ɗaya da sadaƙa ta Larabci, wadda mu muka ara muka ce sadaka. Sai dai a Ibrananci ma'anarta ta farko adalci ce. Idan Bayahude ya ce ya yi tsedaka, a harshensa cewa ya yi ya yi adalci, ba alfarma ba. Mu ma ai muna da "haƙƙun ma'alum" a Suratul Ma'arij.

Malam Sabo: Allah ya saka, Ustaz. Kuma malamansu ba su bar abin a buɗe ba. A Mishna, wato kundin fiƙihunsu da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, akwai babi guda sukutum a kan gefen gona. Sun ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na amfanin gonar. Sun ce in zangarniya ɗaya ko biyu suka faɗi daga hannun mai girbi ta talaka ce, in uku ne ta mai gona ce. Sun hana talakawa shiga da lauje don kada su sari juna wajen wawaso. Sun sa lokaci uku a yini da za a buɗe musu gona: safe, tsakar rana, da la'asar. Bayanin da aka yi daga baya shi ne safe don masu shayarwa, rana don yara, yamma don tsofaffi masu tafiya a hankali. Kuma mai gona ba shi da ikon zaɓar wanda zai shiga, balle ya ajiye wa ɗan ƙanwarsa.

Dakta Hadiza: Malam Sabo, duk wannan na yarda, amma ina jin tsoron kada mu karanta doka mu ɗauka tarihi muke karantawa. Doka tana faɗin abin da ake so ne, ba abin da ya faru ba. Ku ɗauki manyan guda biyu. Ta farko, duk shekara ta bakwai a yafe bashi, a bar gona ta huta. Ta biyu, a shekara ta 50, wadda suke kira Yobel, kowace gona da aka sayar ta koma hannun zuriyar masu ita na asali, bayi 'yan ƙasa su koma gida, saboda a sura 25 ta Littafin Firistoci Allah ya ce ƙasar tasa ce, mutane baƙi ne a cikinta. Magana mai daɗi. To amma babu wata shaida ta tarihi da ta nuna an taɓa aiwatar da Yobel ɗin nan. Talmud ma, wato babban kundin sharhin malamansu, cewa ya yi an daina ƙirga ta tun da aka kwashe wasu ƙabilunsu zuwa bauta. Kuma yafe bashi ba su suka fara ba. Sarakunan Babila irin su Hammurabi da Ammi-saduƙa sun riƙa shelar soke basussukan manoma ɗaruruwan shekaru kafin nan.

Yakubu Zonkwa: Dakta, gaskiya ne, amma akwai bambanci. A Babila sai sarki ya ga dama, yawanci idan ya hau gado yana neman farin jini. A Attaura an ƙwace abin daga hannun sarki an sa shi a kalanda. Talaka yana iya ƙirga shekarun da yatsunsa.

Dakta Hadiza: Na karɓi wannan, Malam Yakubu. Amma kalandar ce ta jawo matsalar. Bari in tambayi Alhaji Tanimu, tunda shi ɗan kasuwa ne. Alhaji, in ka san baɗi za a yafe duk bashi, wani ya zo yau yana neman rancen buhu goma, za ka ba shi?

Alhaji Tanimu: Hajiya Dakta, ko mudu ba zan bayar ba. Sai dai in ce masa Allah ya hore.

Dakta Hadiza: To ka ga abin da ya faru ke nan. Attaurar ma ta hango haka, don a sura 15 ta Maimaitawar Shari'a ta gargaɗi mutum kada ya ce a ransa shekara ta bakwai ta kusa ya ƙi ba ɗan'uwansa rance. Gargaɗin bai hana ba. Masu kuɗi suka rufe hannu, dokar da aka yi don talaka ta koma ta hana shi samun rance. Sai babban malaminsu Hillel, wanda ya rayu dab da zamanin Annabi Isa, ya fito da wata takarda da ake kira purozbul. Mai bin bashi zai je gaban alƙalai ya miƙa bashin ga kotu, tunda dokar mutum ta hana ya bi ɗan'uwansa, ba ta hana kotu ba. Shekara ta bakwai ta zo ta wuce, bashi yana nan daram. A fiƙihunmu wannan sunansa hila.

Ustaz Nura: Hila ce kam, babu ja. Amma a lura da dalilin da suka bayar: gyaran duniya, don kada a rufe ƙofa a fuskar masu neman rance. Ni ban ce ya yi daidai ba. Na ce dai matsalar da ya fuskanta ta gaske ce.

Malam Sabo: Kuma Dakta, hutun gona na shekara ta bakwai an yi shi a aikace. Littafin Makabiyawa na farko ya ambaci garin da ya kasa jure ƙawanya saboda rumbuna babu komai, shekarar hutu ce. Masanin tarihinsu Yusifus ya ce Yuliyas Kaisar ya ɗage musu haraji a wannan shekara. Tasitus, marubucin Rum, har gori ya yi musu, wai lalaci ne ya sa suke zaman banza shekara guda.

Abba Sani: Ni fa duk wannan bayanin bai shige ni ba. Mutanen da ke hana abinci shiga Gaza ne ake cewa littafinsu ya ce a bar wa baƙo gefen gona?

Malam Sabo: Abba ƙanena, zafin da kake ji muna jinsa. Amma maganar da muke yi ta littafi ce da tarihin shekaru kusan dubu uku, ba ta gwamnatin yau ba. Kuma in kana neman wanda ya fi kowa caccakar masu mulkin Bani Isra'ila a kan zaluntar talaka, cikin littafin nasu za ka same shi. Amos makiyayi ne daga Tekowa, a ƙarni na 8 kafin miladiyya. Ya ce suna sayar da adali don azurfa, suna sayar da matalauci a kan takalmi ƙafa biyu, suna rage mudu suna ƙara farashi, har dusar alkama suna sayarwa. Ishaya ya ce kaiton masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba sauran wuri. A sura 58 ya ce azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci. Ezekiyel da ya zo lissafa laifin Saduma, sai ya ambaci girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauci. Irmiya ya ba da labarin yadda attajiran Urushalima suka 'yanta bayinsu lokacin da Babila ta kewaye birnin, da aka ɗan sami sarari suka sake kamo su. Ka ga su ma sun san ba a bin dokar, kuma ba su ɓoye ba.

Abba Sani: To Yaya, na ji. Amma dai.

Maman Iman: Ku maza kuna ta manyan dokoki, ni ƙananan ne suka taɓa ni. Mijina ya taɓa cin bashi a kasuwa, mai bashin ya zo har cikin gida gaban yara ya ɗauki keken ɗinkina ya fita da shi. Da shi nake ciyar da gidan. Har yau babbar 'yata ba ta manta ranar nan ba. Sai ga shi wata maƙwabciyata Kirista ta karanta mini a Maimaitawar Shari'a cewa in ka ba mutum rance kada ka shiga gidansa ɗaukar jingina, ka tsaya a waje shi ya fito maka da ita. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, domin ran mutum ke nan aka karɓa. In mayafinsa ka riƙe, ka mayar masa kafin faɗuwar rana don ya sami abin rufa. Kada a karɓi tufar gwauruwa sam. Ɗan ƙwadago a biya shi a ranar kafin rana ta faɗi. Wallahi da na ji maganar dutsen niƙan nan sai da na yi hawaye.

Ustaz Nura: Allah ya mayar miki da alheri, Maman Iman. Mu ma muna da hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, da ayar jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ilimin yana nan, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Alhaji Tanimu: Ni har yanzu ba a amsa mini ba. Maganar riba fa?

Yakubu Zonkwa: Ba za a ɓoye maka ba Alhaji. Sura 23 ta Maimaitawar Shari'a ta hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa, amma ta halatta karɓa daga bare. Haka yake a rubuce.

Alhaji Tanimu: Yauwa. Ashe tausayin na 'yan gida ne.

Dakta Hadiza: A wannan ayar, eh. Masu kare ta suna cewa baren da ake nufi fatake ne masu wucewa, waɗanda su ma ruwa suke karɓa. Baƙon da ya zauna a ƙasa kuwa yana da rabo a kala da zakkar shekara ta uku. Talmud ma ya ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa, a duba marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya. Amma sunan da Alhaji ya ambata, a Turai aka sa musu shi. Coci ta haramta wa Kiristoci ba da bashi da ruwa, a taron Lateran na 1179 har aka ce a hana mai yin haka jibin Ubangiji da jana'izar coci. A wurare da yawa an hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Sarakuna suna buƙatar kuɗi, sai suka bar musu wannan sana'ar suna tatsar haraji daga gare su. In bashi ya yi wa manya yawa, a tayar da tarzoma. A garin York na Ingila a 1190, bayan an hallaka Yahudawan garin, masu tarzomar babban coci suka nufa suka ƙone takardun bashin da aka ajiye a can. A 1290 Sarki Edward na ɗaya ya kore su daga Ingila gaba ɗaya. Mafi yawan Yahudawan wancan zamanin talakawa ne, ba su da abin ba wani rance.

Malam Sabo: Wannan ya kawo mu inda ni nake ganin tasirin gaske yake. Da suka rasa ƙasa, gefen gona ya zama ba shi da amfani ga mazaunin birni. Sai suka mai da dokar ta koma asusun gari. Abu biyu suka kafa. Akwai kuppa, asusun da ake rabawa duk Juma'a ga matalautan gari, abin da zai ishe su mako. Akwai tamhui, kamar a ce akushin gari, dafaffen abinci kullum ga duk mai jin yunwa har da matafiyi. Mai abincin ci biyu ba ya ɗiba daga akushi, mai abincin ci 14 ba ya karɓa daga asusu. Mutum biyu ke karɓar kuɗin, uku ke rabawa, kamar alƙalai. Kuma ba ganin dama ba ne: Talmud ya kawo yadda malami Raba ya tilasta wa wani attajiri ya ba da zuz 400, wato kuɗin azurfa na lokacin. A ɗaya gefen kuma sun sa iyaka, kada mutum ya bayar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na dukiyarsa ya koma shi ma mabuƙaci. Ba su ɗauki talauci abin ado ba. Sun ce matalauci kamar matacce ne. Sun ce gara ka feɗe mushe a kasuwa a biya ka da ka dogara da mutane.

Maman Iman: Wannan ta ƙarshen kamar kakata ce ke magana.

Dakta Hadiza: Nan kam ina da shaida, ba doka kawai ba. A majami'ar Ben Ezra da ke Fustat, tsohuwar Alƙahira, an sami ɗaki cike da tsofaffin takardu da suka taru ɗaruruwan shekaru. Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Jami'ar Kambirij a 1897. A ciki akwai jerin sunayen masu karɓar burodi, ana rabawa Talata da Juma'a, da jerin masu bayarwa, da wasiƙun zawarawa da baƙi suna neman taimako, da kuɗin fansar waɗanda 'yan fashin teku suka kama, dinari 33 da sulusi kowane mutum. A garin nan Musa bin Maimun ya zauna, haifaffen Ƙurɗuba, likita a fadar su Salahuddin, ya rasu a 1204. Shi ya jera sadaka hawa takwas. Mafi ƙasa, ka bayar kana ɓata rai. Can sama, mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Mafi ɗaukaka duka, ka ba mutum jari ko rance ko ka yi tarayya da shi ko ka samo masa aiki, har ya daina buƙatar kowa.

Alhaji Tanimu: To wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yaran da na ba jari a kasuwa sun fi waɗanda nake ba zakka duk shekara amfana.

Yakubu Zonkwa: Ta hanyar coci kuma abin ya bazu Turai. Yesu da ya shiga majami'ar Nazarat, Ishaya sura 61 ya karanta, bishara ga matalauta da shekarar jinƙan Ubangiji. A 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gumaka, ya rubuta wa wani babban firist ɗinsa yana ƙorafi cewa ba a ganin Bayahude yana bara, Kiristoci kuma suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, don haka su ma su buɗe gidajen baƙi. Ƙararrawar 'yanci da ke Filadelfiya a Amurka, ayar Yobel ce aka zana a jikinta. Martin Luther King a jawabinsa na 1963 Amos ya jawo, adalci ya kwarara kamar ruwa.

Malam Sabo: Amma ga wadda ta dawo da ni gonar gyaɗa. A Ingila talakawa sun daɗe suna kala suna ganin haƙƙinsu ne, har babban masanin shari'arsu Blackstone ya danganta al'adar da shari'ar Musa. A 1788 wani mai gona mai suna Steel ya kai ƙarar wata mata, Mary Houghton, don ta shiga kala a gonarsa. Kotu ta ba mai gona gaskiya, ta ce babu wanda ke da haƙƙin kala sai da yardar mai gona, dokar Musa kuma ba ta hau kansu ba. Daga ranar abin da yake haƙƙi ya koma alfarma.

Issoufou Maraɗi: Ina biye da ku tun ɗazu. Yobel ɗin da Dakta ta ce ba a taɓa yi ba, ai ta iso har wajenmu. Gangamin Jubilee 2000 daga wannan ayar ya ɗauki sunansa. A 1998 dubban mutane suka riƙe hannun juna suka kewaye taron manyan ƙasashe takwas a Birmingham suna neman a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. Nijar da Ghana sun kammala sharuɗɗan rage bashi a 2004. Ku kuma a Najeriya, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar Paris Club ta ƙasashe masu bin bashi ta yafe dala biliyan 18 a 2005.

Dakta Hadiza: Bayan mun biya kusan biliyan 12 a dunƙule, Malam Issoufou. Kuma da sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya. Wannan ya fi kama da purozbul ɗin Hillel fiye da Yobel. Yanzu kuma je ka duba bashin da ke kanmu.

Ustaz Nura: Akwai ayoyi biyu a sura 15 ɗin nan da suka ba ni mamaki. Aya ta 4 ta ce ba za a sami matalauci a cikinku ba. Aya ta 11 ta ce matalauta ba za su ƙare a ƙasar ba. Malam Yakubu, ya malamanku suke haɗa su?

Yakubu Zonkwa: Ta farkon da sharaɗi take, Ustaz, aya ta 5 ta ce in kun yi biyayya. Ta biyun kuwa ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da cewa saboda haka ka buɗe hannunka. Amma na sha jin masu wa'azi sun yanke rabin farko kawai, su ce ai talauci ba ya ƙarewa, su wuce.

Maman Iman: Malam Sabo, ba ka faɗa mana ba. Da mai gonar ya kori matan nan, kai me ka yi?

Malam Sabo: Maman Iman, kin kama ni. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Gaishe shi na yi na wuce. Shi ma bashin taki ke wuyansa, buhu huɗu, kuma gyaɗar bana ba ta yi kyau ba.

Alhaji Tanimu: Buhu huɗu a wane farashi ya ɗauka?